Wa Ya San Sunan Zagi?

Lorenzo Neal ya yi shekara 16 yana buga ƙwallon ƙafar Amurka a gasar NFL, daga 1993 zuwa 2008. In aka tattara duk gudun da ya yi da ƙwallo a hannunsa cikin waɗannan shekaru, bai wuce yadi 807 ba. Abokin wasansa LaDainian Tomlinson kuwa, a kakar 2006 kaɗai ya ci yadi 1,815. Duk wanda aka miƙa wa waɗannan alƙaluma biyu, zai ce na farkon ɗan rakiya ne da ya yi sa'ar daɗewa ana biyan sa. Amma ƙungiyoyi bakwai ne suka ɗauki Neal aiki ɗaya bayan ɗaya, a gasar da yawancin 'yan wasa ba sa kai shekara biyar a cikinta. Me suke saya a wurinsa da ba ya fitowa a lissafi?

Tambayar ta dame mu saboda irin aikinmu. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma ko a cikin masu wannan sana'a, mu ne na bayan fage. Ba mu muke zana fuskar manhaja da launukanta ba. Namu shi ne rumbun bayanai, da hanyoyin da saƙo ke bi daga wayarka zuwa banki ya dawo, da tsaron dare idan wani abu ya tsaya. A irin wannan tsaron daren muka fara kallon wasan, domin babban wasan daren Lahadi a Amurka yana farawa ne bayan ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, lokacin da muke zaune gaban allo muna jiran abin da muke addu'ar kada ya faru.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsarinsa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna shadda da shi a Kantin Kwari. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma gaba. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samo wa ƙungiyarsa maki shida. Hanya biyu ake kai ta: ko jagoran wasa, wanda suke kira kwatabak, ya jefa wa wani ya cafe, ko ya danƙa wa mai gudu ya kutsa da ita ta tsakiyar ƙarti.

A wannan hanya ta biyu ne fulbak yake da aiki. Kada sunan ya rikita masu kallon Firimiya: ba lamba biyu ko lamba uku ba ne mai tsaron baya. A tsohon tsarin da Neal ya ƙware a kai, mutum uku ne suke jeruwa a layi ɗaya kamar alif: kwatabak a gaba, fulbak a bayansa, mai gudu a can ƙurya. Da an taɓa ƙwallo, ƙartin gaba biyar za su buɗe 'yar kafa a katangar abokan karawa. Amma akwai mai tsaro da ke tsaye bayan katangar, wanda aikinsa ke nan ya toshe kafar da jikinsa. Fulbak ne zai riga kowa shiga, hannu babu ƙwallo, ya yi karo da wannan mai tsaron da dukkan ƙarfinsa, ya ture shi ko da taku ɗaya ne. Mai gudu yana biye yana karanta bayansa: in ya ture mutumin dama, sai ya bi hagu. Duk abin ba ya wuce daƙiƙa biyu. Kyamara tana bin mai ƙwallo, 'yan kallo suna ihun sunan mai ƙwallo, shi kuwa wanda ya buɗe hanyar yana ƙasa, ƙarƙashin mutum biyu ko uku, yana lalubar yadda zai miƙe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya san wannan mutumin. Shi ne zagi, mai tafiya a ƙasa gaban dokin sarki yana buɗa hanya. Kowa zai koma gida yana ba da labarin rawani da lifidi da kayan doki. Wa ya tambayi sunan zagi?

Da can ba haka muƙamin yake ba. Jim Brown, wanda da yawa suke ɗauka a matsayin mai gudun da ba a taɓa yin kamarsa ba, fulbak ne a ƙungiyar Cleveland daga 1957 zuwa 1965, kuma shi ake danƙa wa ƙwallo. Haka ma ɗan ƙasarmu Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya tafi Amurka a matsayin mai jifan faifai, bai fara wannan wasa ba sai da ya haura shekara ashirin. A 1989 ya fi kowa a gasar da yadi 1,480 a ƙungiyar Kansas City, har Amurkawa suka yi masa laƙabin da ma'anarsa ta yi kusa da Dodon Najeriya. Amma a hankali aka raba aikin gida biyu: gudu ya koma hannun masu zafin nama, karo ya rage wa fulbak.

Shi ma Neal da gudu ya fara. An haife shi a 1970 a jihar Kalifoniya, ya yi karatu a jami'ar Fresno State, inda ya haɗa ƙwallo da kokawa, kuma ya yi suna a duka biyun. Ƙungiyar New Orleans Saints ta ɗauke shi a 1993. A wasanninsa biyu na farko ya ci yadi 175, kowa ya fara cewa ga sabon tauraro. A wasa na biyun ne ya ji mummunan rauni a idon sawu, kakar ta ƙare masa a nan. Da ya dawo, saurin nan ya ragu. Abin da ya rage masa shi ne jiki mai nauyin kilo kusan 115 a kan gajeren tsayi, da ilimin ɗan kokawa na sanin yadda ake shiga ƙarƙashin mutum a raba shi da ƙasa. Ya duba abin da ke hannunsa, ya gina sana'a a kai. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na duk gudun da ya yi a rayuwarsa ta NFL, a waɗancan makonni biyu na farko ya yi shi.

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarmu. A wannan wasa, cin yadi 1,000 a kaka ɗaya shi ne ma'aunin mai gudu na gaske. A 1997 Neal yana New York Jets, Adrian Murrell ya haura dubu a bayansa. A 1998 ya koma Tampa Bay, Warrick Dunn ya haura dubu. Ya yi shekara biyu a Tennessee, Eddie George ya haura dubu sau biyu. Ya yi biyu a Cincinnati, Corey Dillon ya haura sau biyu. Sannan ya yi biyar a San Diego, Tomlinson ya haura sau biyar, ciki har da 2006 da ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau 31, abin da har yau ba wanda ya kamo. Shekara 11 a jere, ƙungiyoyi biyar, masu gudu biyar, masu horarwa daban-daban. Abu ɗaya ne bai canja ba: gajeren ƙaton da ke gaba.

Ko lokacin da ya fi shahara da taɓa ƙwallo, miƙa ta ya yi. Ranar 8 ga Janairu, 2000, a birnin Nashville, Buffalo tana gaban Tennessee da 16 da 15, saura daƙiƙa 16 a tashi, kuma wanda ya faɗi ya fita daga gasar. Aka bugo ƙwallo, Neal ya cafe, ya danƙa wa Frank Wycheck, shi kuma ya jefa ta gefe zuwa ga Kevin Dyson, wanda ya yi gudun yadi 75 ya ci wasan. Har yau ana maimaita hoton a talabijin ɗin Amurka. Ana tuna jifan Wycheck, ana tuna gudun Dyson. Hannun farko kuwa, sai wanda ya tsayar da bidiyon ya duba lambar riga.

Mun san wannan yanayin ciki da bai. Babu ɗayanmu da wata gwaggo ko wani kawu bai taɓa miƙo masa waya ba yana cewa, "To ɗana, nuna mini wanne ne naka a ciki." Sai ka rasa abin nunawa. Ka ce, "Gwaggo, kin ga lokacin da kika tura kuɗi alat ya shigo nan take? To wannan shigowar ita ce tawa." Ta dube ka da tausayi, ta ce Allah ya sa albarka, amma kana gani ka san ba ta gamsu ba. Kuma da gaskiyarta. Aikinmu idan ya yi kyau, sunansa babu abin da ya faru. Ba a sanin muna nan sai ranar da mai POS ya ce babu sabis, layi ya yi tsawo, kowa yana tsaki.

Wannan ba a kan gwaggo ya tsaya ba. A watan Disamban 2021 aka gano wata ɓaraka a Log4j, wani ɗan ƙaramin sashen manhaja da aikinsa kawai rubuta abin da ke faruwa a cikin na'ura, irin littafin mai gadi. Sai ga shi manyan kamfanonin duniya da hukumomin gwamnatoci duk a kansa suke tsaye. Masu kula da shi kuwa 'yan sa-kai ne ƙalilan, waɗanda duniya ba ta san da zamansu ba sai ranar da ta zo neman wanda za ta ɗora wa laifi.

A wani wurin da muka yi aiki, ƙarshen kowace shekara ana auna ma'aikaci ne da yawan sababbin abubuwan da ya fitar waɗanda mai amfani da manhaja zai gani da idonsa. Akwai wata abokiyar aikinmu da kusan rabin lokacinta yake tafiya wajen duba aikin wasu kafin a sake shi, da rubuta gwaje-gwajen da ke kama kuskure tun yana ƙwai, da zama da sababbin ɗauka tana nuna musu inda ramuka suke. A takardar awo, layinta kusan fayau yake. Shekara biyu ana tsallake ta wajen ƙarin girma, duk da mun yi magana a inda ake jin maganarmu. A ta uku ta samu wani wurin ta tafi. Ba a yi wata huɗu ba, aikin da muke gamawa a mako ɗaya ya koma cin mako uku, kiran tsakar dare ya ninka. Shugabanni suka kira taro suna tambayar me ya same mu. Babu shafi a takardarsu da za a rubuta amsar.

Ita ma San Diego ta sallami Neal a farkon 2008, yana da shekara 37. A kakar da ta biyo baya, gudun Tomlinson ya sauko daga yadi 1,474 zuwa 1,110. Masoyan Neal suna nuna wannan a matsayin hujja. Wasu kuma suna cewa Tomlinson ya yi fama da rauni a yatsan ƙafa a shekarar, ga shekaru sun fara hawa kansa. Duka biyun gaskiya ne, kuma a nan matsalar take: aikin mai share hanya a cakuɗe yake da nasarar wani, ba ya ɓantaruwa a ɗora shi a sikeli shi kaɗai. Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta an tarbiyyantar da mu a kan cewa abin da ba a auna ba, ba a iya gyara shi. Shekaru a bakin aiki sun ƙara mana rabin da ba a koyar a aji: abin da aka zaɓa a auna, shi mutane za su koma yi, sauran kuma ya mutu a tsaye ko da shi ke riƙe da ginin.

Sai dai ba ma so mu mayar da wannan labari waƙar yabon haƙuri, irin wadda ake rera wa na ƙasa don ya ci gaba da zama a ƙasa. Hausawa sun riga sun ba abin suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bugun kuma na gaske ne. Kevin Turner fulbak ne da ya buga wa New England da Philadelphia daga 1992 zuwa 1999. A 2010 likitoci suka ce yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. Yana cikin jagororin tsofaffin 'yan wasan da suka kai NFL kotu kan raunin ƙwaƙwalwa. Ya rasu a 2016 yana da shekara 46, kuma da masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa, sun tarar da mummunar lalacewa irin wadda yawan gwaruwar kai ke haddasawa. Mutumin da aikinsa shi ne ya sa kansa a gaba sau da dama a kowane wasa, da ƙwaƙwalwarsa yake biyan yadin da ake rubuta wa wani. Namu bugun bai kai nan ba, kuma rashin kunya ne mu kwatanta. Amma mun san masu hawan jini tun ba su kai arba'in ba, mun san gidajen da wayar tsaron dare ta hana barci shekara da shekaru. Wanda duk zai yabi zagi, ya fara tambaya ko an biya shi, ko an duba ƙafarsa.

Bayan bugu kuma ga barazanar shafewa. Dokokin wasan sun yi ta sauyawa suna ba masu jifa da masu cafewa kariya, sai jifa ta fi gudu riba. Kowace ƙungiya 'yan wasa 53 aka yarda ta riƙe, kuma akwai iyakar kuɗin da za ta kashe a albashi. Masu lissafi suka duba suka ce, me zai sa mu ajiye mutum guda don karo kawai, alhali za mu iya sa mai cafewa na uku a gurbinsa? Yau ƙungiyoyi da dama ba su da fulbak ko ɗaya. A 2016 kamfanin dillancin labarai na AP, wanda ke fitar da jerin gwarzayen kowace kaka, ya cire muƙamin daga jerin gaba ɗaya. Mu da muke zaune a zamanin da ake ce mana ƙirƙirarriyar basira za ta rubuta manhaja ba tare da mu ba, ba sai an fassara mana yadda wannan yake a zuciya ba.

Amma muƙamin bai mutu ba, kuma yadda ya tsira abin dubawa ne. Kyle Juszczyk ya fito daga jami'ar Harvard, Baltimore ta ɗauke shi a 2013. A 2017 San Francisco ta ba shi kwantiragin dala miliyan 21 na shekara huɗu, kuɗin da ba a taɓa ba wani fulbak ba, mutane suna ta mamaki. Abin da mai horarwa Kyle Shanahan ya gani shi ne mutumin da zai yi karo a wannan zubin, a na gaba ya fita gefe ya cafe ƙwallo, ta yadda abokan karawa ba za su iya gane shirin da aka yi daga ganin wanda ke fili ba. A wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2020, shi da kansa ya kai ƙwallo ƙarshen fili. Da AP ta maido da muƙamin cikin jerinta a 2023, shi aka fara ba. Karon bai daina zama dole ba, domin har gobe akwai yadi ɗayan da ba ya ciwuwa sai wani ya ture wani. Abin da ya canja shi ne, mai karon sai ya iya wani abu bayan karo. Haka muke gani a namu fagen: na'ura tana iya zubo rubutun manhaja shafi ɗari cikin minti ɗaya, kuma hakan ƙara yawan abin da ke buƙatar mai dubawa ya yi, wanda ya san inda ramuka suke.

A watan Agustan 2017 aka shigar da Tomlinson zauren gwarzayen wasan da ke garin Canton a jihar Ohio, ɗaukakar da babu ta sama da ita a wannan sana'a. Al'adar wurin ita ce kowane gwarzo ya zaɓi mutum ɗaya da zai gabatar da shi. Wasu mahaifi suke zaɓa, wasu ɗa, wasu mai horarwa ko mai ƙungiya. Tomlinson ya zaɓi Lorenzo Neal. Mutumin da ya yi shekara biyar yana kallon bayan wani a cikin ƙura, shi ya fi kowa sanin nawa ne nasa a cikin yadin da aka rubuta masa, nawa ne kuma na wanda ya riga shi shiga. Shi kansa Neal, duk da an zaɓe shi wasan taurarin gasar sau huɗu, an kuma sa shi cikin jerin gwarzayen shekarun 2000, har yanzu ba a shigar da shi zauren ba. Masu zaɓe alƙaluma suke dubawa, nasa kuwa suna rubuce ƙarƙashin sunayen mutum biyar.

Abin da muka ɗauka daga nan ƙarami ne, amma shi ke hannunmu. Yanzu da wasunmu suka fara jagorantar ƙananan rukunai, mun ƙara layi ɗaya a rahoton da muke aikawa sama duk ranar Juma'a. Ƙarƙashin kowane aiki da aka kammala, bayan sunan wanda ya yi, akwai gurbin da shi mai aikin zai cike da hannunsa: wa ya share maka hanya? Makonnin farko mutane sun ɗauka wasa ne. Da aka yi wata shida, sai ga sunaye biyu suna ta maimaituwa, kuma ba su ne masu yawan magana a taro ba. Da lokacin ƙarin albashi ya zo, mun shiga ofis da takardar a hannu. Ɗaya ya samu, ɗayar an ce ta jira baɗi, kuma muna nan muna tara mata makonni.